Babi na Shida: Masu Jiran Iska

Idan kaka ta yi, ka fita daga Azare da hantsi ta hanyar Madara ko ta Chinade, za ka tarar da mata a masussuka sun tara tsibin gero, kowace da ƙwaryarta a hannu, sun yi cirko-cirko. Jiran iska suke yi. Can sai babbar cikinsu ta ɗebi ƙaiƙayi da yatsu ta sake shi, ta dubi inda ya nufa, ta ce da 'yarta, "Ke, juyo nan, daga gabas take zuwa." Sai a ɗaga ƙwarya sama da kai a tsiyayo hatsi, tsaba ta zuba ƙasa, ƙaiƙayi ya bi iska. In iskar ta kwanta, shiƙa ta tsaya. In ta yi yawa, ta kwashe har da tsabar. Mai shiƙa ta san gwargwadon da take so, ta san lokacin da yake zuwa, ta kuma san cewa ba a yi wa iska dole.

Mai karatu zai iya tambaya: ina ruwan mutumin Katagum da teku? Ruwa mafi girma da yawancinmu muka sani shi ne kogin Jama'are idan ya cika ya batse a watan Agusta, teku kuwa yana can sama da kilomita dubu daga ƙofar gidanmu. Amma a tsakiyar wani teku da Turawa ke kira Tekun Arewa, tsakanin Ingila da Denmak, akwai wasu mutane da su ma suke tsaye suna jiran iska. Bambancinsu da matan masussuka ɗaya ne: su jira suke ta kwanta. Su ne masu kafa injinan da ke mayar da iska wutar lantarki a cikin ruwa. Na kawo labarinsu a littafin nan ne domin sana'arsu tana ɗauke da amsar wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya: me ya sa ake kawo mana inji sabo fil, a yi bikin buɗe shi, bayan 'yan shekaru ya zama mazaunin tsuntsaye?

Abin da ya kai su teku

Injin iska ba shi da wuyar fahimta. Fankar ɗakinka tana cin wuta ta ba da iska, shi kuwa yana cin iska ya ba da wuta. Dogon turke ne na ƙarfe, a kansa an ɗora ɗaki mai janareto a ciki, a gaban ɗakin kuma fukafukai uku. Iska ta bugi fukafukan su juya, su juya janareto, wuta ta sauko ta waya a cikin turken.

Lissafin da ke bayan wannan shi ne ya kori mutane daga tudu zuwa ruwa. Ƙarfin da ke cikin iska ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunta. Idan gudun ya ninka sau biyu, ƙarfin ninkawa yake yi sau takwas. Wurin da iska ke gudun mita 8 a sakan ɗaya ya fi wurin da take gudun mita 4 albarka har sau takwas, ko da inji iri ɗaya aka kafa a duka biyun. Yawancin manyan injinan nan sukan fara motsi idan iska ta kai wajen mita 3 a sakan, su ba da cikakken ƙarfinsu a wajen mita 12, sannan su tsayar da kansu idan ta kai mita 25, don kada guguwa ta karya su. A tudu, bishiyoyi da duwatsu da gine-gine suna rage wa iska gudu, suna kuma yamutsa ta. A teku babu abin da ke tare ta. Ga kuma batun sufuri: a kan titi, gada da kwana da shataletale su ne ke yanke hukuncin iyakar tsawon fiffiken da tirela za ta iya ɗauka, amma jirgin ruwa bai san kwana ba.

'Yan Denmak ne suka fara gwadawa. A 1991 suka kafa injina 11 a cikin ruwa kusa da wani ƙauye mai suna Vindeby, kowane yana ba da kilowat 450, gaba ɗaya ba su cika megawat 5 ba. Suka yi shekara 25 suna aiki, aka kwance su a 2017. A 2022 kuwa aka kammala tashar Hornsea ta Biyu, kilomita 89 daga gaɓar Ingila, mai injina 165, kowane megawat 8. Inji ɗaya tak a nan ya fi dukan tashar Vindeby. Idan iska ta cika, tashar Hornsea tana ba da sama da megawat 1,300. Domin mu gane girman wannan adadi, mu tuna cewa wutar da babban layin Najeriya ya saba rabawa ga mutane fiye da miliyan 200 takan tsaya ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Tashar Dogger Bank, wadda ta fara ba da wuta a 2023, an tsara ta ne a kan megawat 3,600, kuma tsawon fiffike ɗaya na injinanta mita 107 ne, wato ya ɗara tsawon filin ƙwallo.

Yadda ake dasa turke a cikin ruwa

Duk mai kuɗi yana iya sayen inji. Abin da ke da wuyar samu shi ne sanin inda za a kafa shi, da hannun da zai kafa, da idon da zai kula da shi. Kamfanoni da yawa a Turai da Sin ba sa ƙera ko fiffike ɗaya, aikinsu kawai awo da kafawa da haɗawa da gyara, kuma a hannunsu nasarar kowace tasha take.

Aikin yana farawa shekaru kafin ƙarfe ya taɓa ruwa. Za a kafa na'urar auna iska a wurin, ta yi aƙalla shekara guda cur tana rubuta gudun iska da inda take fitowa dare da rana, domin iskar wata ɗaya ba ta ba da labarin shekara. Jiragen bincike za su bi ƙasan teku taki-taki, su huda su ciro samfurin ƙasa, kamar yadda mai haƙar rijiya yake sanin inda yashi ya ƙare, inda laka ta fara, da inda zai ci karo da dutse. A Tekun Arewa har sai an nemi bama-baman da suka rage tun yaƙin duniya na biyu ba su fashe ba, a kawar da su. Za a ƙirga tsuntsaye a san hanyar da suke bi, a zauna da masunta a ji inda suke jefa taru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai tushe. Wanda aka fi amfani da shi ƙaton bututun ƙarfe ne, faɗin bakinsa kan kai mita 8 ko fiye, nauyinsa kan haura tan dubu. A tsayar da shi a ruwa, a ɗora masa wata gudumar inji, ta yi ta dukansa har ya nutse mita da dama cikin ƙasa. Ƙarar dukan tana iya kurmantar da dabbobin ruwa, shi ya sa a wurare da yawa ake shimfiɗa tiyo mai ƙananan huji a kewaye da wurin, a hura masa iska, kumfa ya taso ya zama labule mai rage ƙarar. Ba a yarda bututun ya karkace ko da digiri ɗaya ba, domin 'yar karkatar da ido ba ya gani a ƙasa takan zama babbar matsala a sama. Daga nan a zuba duwatsu a gindinsa, don kada ruwa ya zaizaye ƙasar kamar yadda yake cin gindin gada da damina.

Sannan jirgin kafawa ya iso. Jirgi ne mai ƙafafu. Ɗaya daga cikin manyansu, Voltaire, na kamfanin Jan De Nul, wanda aka ɗauka domin aikin Dogger Bank, yana da ƙafafu huɗu, tsawon kowace wajen mita 130, da ƙugiyar da ke iya ɗaga sama da tan 3,000. Idan ya isa wurin aiki sai ya sauke ƙafafun su taka ƙasa, ya ɗaga gangar jikinsa sama da ruwa, ya tsaya kamar rumbu a kan duwatsu, igiyar ruwa tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Ƙugiya ta ɗauki turke ta kafa a kan tushe, ta ɗauki ɗakin janareto mai nauyin ɗaruruwan tan ta ɗora, sannan a zo kan fukafukai, ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne jira yake. An ƙera fiffike ne domin ya kama iska, to idan yana rataye a bakin ƙugiya ma bai daina kamawa ba. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, ina ga mai ɗauke da fiffiken mita ɗari a sararin sama? A can cikin kan injin akwai ma'aikata a tsugune, suna jiran a saita musu kusoshi fiye da ɗari su shiga ramukansu lokaci guda. Idan iska ta wuce mizanin da aka gindaya, shugaban aiki zai ce a tsaya, kuma za a tsaya, ko da kuwa hayar jirgin ta kwana ɗaya ta isa ta gina makaranta. Wani lokaci a yi kwanaki ana kallon sama. Ba wanda ke ganin wannan a matsayin lalaci, domin sun san gaggawar awa ɗaya tana iya cin rai, ta kuma ci aikin shekara. Idan fiffiken ya zauna, kowane noti da awon ƙarfin da za a ɗaure shi, kuma sai an rubuta wanda ya ɗaure da ranar da ya ɗaure.

Saura waya. Wani jirgin daban yake jan garma a ƙasan teku, tana tsaga ƙasa tana binne waya mai kaurin cinyar ƙato, don kada ƙugiyar tsayar da jirgi ko tarun masunta su tsinke ta. Wayoyin injina suna haɗuwa a wani ɗakin tiransifoma da aka gina shi ma a cikin ruwa, a ɗaga ƙarfin wutar, sannan babbar waya ta kai ta gaɓa. Kamfanonin inshora sun sha bayyana cewa mafi yawan kuɗin asarar da suke biya a wannan harka daga lalacewar waya yake fitowa. Abin da ido ba ya gani, wanda ba a ɗaukar hotonsa ranar biki, shi ne ya fi jawo hasara.

Ranar da aka kunna inji, ranar ce aikin shekara 25 ya fara. Gishirin teku yana cin ƙarfe ba dare ba rana, ruwan sama yana goge bakin fiffike, tsawa tana faɗawa a kai. Kullum akwai ƙananan jirage da ke fita da makanikai, wasu kuma sukan yi mako biyu a cikin babban jirgi suna bin injina ɗaya bayan ɗaya, suna canza mai, suna sa giris, suna duba noti. Ba a barin kowa ya hau sai ya yi horo a kan aiki a sama, da ceton kai a ruwa, da kashe gobara, da taimakon gaggawa. Su wane ne waɗannan makanikai? Da yawansu 'ya'yan garuruwan gaɓa ne. Grimsby a Ingila ta taɓa zama ɗaya daga cikin manyan garuruwan kamun kifi na duniya, sana'ar ta durƙushe tun daga shekarun 1970, yau kuwa tasharta ta zama sansanin masu kula da injinan iska. A Hull, maƙwabciyarta, an buɗe masana'antar ƙera fukafukai a 2016. Esbjerg ta Denmak ita ma daga kifi ta faro. Jikokin masunta sun riƙe sanin ruwa da suka gada, suka ɗora sabuwar sana'a a kai.

Darasin Lambar Rimi

Mu ma a Arewa mun taɓa ɗaga ƙwaryarmu. A Lambar Rimi, cikin ƙaramar hukumar Rimi ta jihar Katsina, akwai turaka 37 a tsaye, kowane an tsara shi ya ba da kilowat 275, jimla megawat 10. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro tunanin tun yana gwamna, bayan ya zama shugaban ƙasa kuma gwamnatin tarayya ta ɗauki aikin, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangila. An yi hikima a zaɓen injin. Fukafukansa biyu ne, tsayin turkensa mita 55, kuma ana iya kwantar da shi ƙasa a gyara a sake tayarwa ba tare da ƙatuwar ƙugiya ba, domin asali an ƙera irinsa ne saboda tsibiran da guguwa ke addaba. Ga ƙasar da samun babbar ƙugiya ke da wuya, wannan ya dace.

A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka kai hari a garin Rimi, suka kashe mutum biyu, suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp. Ƙungiyar Ansaru ta ɗauki alhakin abin. Ya yi wata goma sha ɗaya a hannunsu kafin ya kuɓuta a Zariya a Nuwamba 2013. Aiki ya tsaya, kayan da aka riga aka kawo suka yi ta shan rana da ƙura, aikin da aka yi niyyar gamawa cikin shekara biyu ya haura shekara goma ana fama.

Ba na kawo wannan don a yi wa kowa dariya. Abin baƙin ciki ne, kuma namu ne gaba ɗaya. Iska ba ta daina kaɗawa a Rimi ba ko na yini ɗaya cikin waɗannan shekaru. Abin da ya yanke shi ne silsilar mutane da ke tsakanin iskar da ƙwan fitila: tsaro, da kuɗin da ke zuwa a kan kari, da kayan gyara, da ƙwararrun da ke zaune a wurin. Da sanin aikin ya riga ya zauna a hannun 'yan ƙasa da yawa, da tafiyar baƙi ba ta tsayar da komai na tsawon wannan lokaci ba.

Kenya ma ta sha nata darasin ta wata fuskar. A gefen tafkin Turkana aka kafa injina 365 masu ba da megawat 310. Sai da aka gyara hanya ta sama da kilomita 200 kafin a iya kai kayan daga tashar Mombasa. An gama kafa injinan a 2017, amma layin wuta na sama da kilomita 400 da zai kwashi wutar bai kammalu ba sai a 2018. Fiye da shekara guda injina suna tsaye a shirye babu inda za su zuba abin da suka samar, ƙasar kuma tana biyan diyya. Duk da haka sun jure sun ƙarasa, yau tashar tana cikin ginshiƙan wutar Kenya. A nan Afirka ta Yamma, Senegal ta buɗe tashar Taiba Ndiaye a 2020 da injina 46 da megawat 158. Wannan ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne a ƙasa irin tamu, da zafinta da ƙurarta.

To, mu a Katagum fa?

Gaskiya ɗaya ce, iskarmu ba ta teku ba ce, kuma rana ita ce babbar dukiyarmu. Amma rana tana faɗuwa, batir kuma yana da tsada. Binciken masana ya daɗe da nuna cewa a Najeriya iska ta fi ƙarfi a ƙuryar Arewa da tsaunukan Jos fiye da Kudu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana sauko mana daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da yawancinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Masana yanayi sun kuma lura cewa a yankin Sahel, da rani, iskar da ke can sama da kan bishiyoyi takan yi ƙarfi cikin dare zuwa safiya, daidai lokacin da farantin sola yake barci. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, daga Azare zuwa Gamawa zuwa Zaki babu dutsen da zai tare iska. Duk waɗannan dalilai ne na a bincika, awo ne kaɗai zai raba gardama.

Saboda haka abu na farko da nake roƙo ƙarami ne, bai kai kuɗin inji ɗaya ba. A kafa dogayen turakan auna iska a wurare uku ko huɗu na masarautar Katagum, su yi shekara biyu suna rubutu. Muna da Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, muna da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi da injiniyoyinta. Ɗalibai su riƙa karanta na'urorin, malamai su tace alƙaluman, a buga su kowa ya gani. Idan awon ya ce iskar ta isa, mai zuba jari zai zo da ƙafarsa, domin babu bankin da ke ba da rance a kan iskar da ba a auna ba. Idan ya ce ba ta isa manyan injina ba, mun tsira da kuɗinmu, mun kuma san inda ƙananan za su yi amfani. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu, don haka wannan shawara ba sai an jira Abuja ba.

Na biyu, a fara da abin da hannunmu zai iya riƙewa. Ƙaramin inji da aka haɗa da sola yana iya jan ruwan burtsatse, ya shayar da lambu a fadamar kogin Jama'are, ya riƙe firjin rigakafi a asibitin ƙauye. An taɓa gwada irinsa, mai kilowat 5, a ƙauyen Sayya Gidan Gada na jihar Sakkwato. Dattawa kuma suna tuna famfunan iska da aka kafa a kan rijiyoyin wasu garuruwan Arewa shekaru da dama da suka wuce, waɗanda yawancinsu suka mutu saboda rashin ɗan ƙarfen canji da wanda zai hau ya sa mai. Abin da gishiri yake yi wa injin teku, shi ƙura take yi wa namu: ta toshe matata, ta shiga giris, ta goge bakin fiffike. Ga tsawar farkon damina, ga hadarin gabas mai kwashe jinka. Duk injin da za a kawo mana sai an tambaya: an yi shi don wannan yanayi? Wa zai gyara shi? Ina za a sami kayansa? Kuma kamar yadda ake ƙirga tsuntsaye a teku, mu ma sai mun kula da namu, domin dausayin Haɗeja da Nguru da ke arewa da mu masauki ne na tsuntsayen da ke tasowa tun daga Turai kowace shekara.

Na uku, kuma shi ne zuciyar maganar, mutane. Ka zaga Azare ka ga masu walda da ke ƙera ƙofa da tankin ruwa da hasumiyarsa, da masu rewaya da ke kwance janareton da ya ƙone su naɗe shi ya tashi, da samarin da suka koyi haɗa sola cikin 'yan shekarun nan har sun cika gari da ƙauye da ita. Su ne masuntanmu na Grimsby. Suna da hannu, suna da ido, suna da haƙurin koyo a gaban maigida. Abin da ya rage a ƙara musu shi ne abin da masu aikin teku suka mayar ibada: awo kafin yanka, rubuta duk abin da aka yi, ɗaura igiyar kariya kafin hawa, da ƙin yin aiki idan lokacinsa bai yi ba, ko wa ya matsa. Duk kwangilar da za a sa wa hannu, ta iska ce ko ta rana, ya kamata a rubuta a cikinta yawan 'yan gari da za a horar tun ranar haƙa tushe, da kayan gyaran da za a ajiye, da kuɗin kulawa na shekaru, da layin da zai kwashi wutar. A kuma tabbatar ƙauyen da ya ba da filinsa shi ne farkon ganin haske, domin mutumin da yaransa ke karatu da wutar inji ba zai bari a kwance masa waya ba. Babu maigadin da ya kai shi.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya sauka a birnin Katagum a Janairu 1824, 'yan shekaru bayan Malam Zaki ya kafa shi, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne ƙarfin garin, da ganuwarsa biyu da ramukan da ke kewaye da ita. Da ƙasa aka gina ganuwar, ƙasa kuwa damina ɗaya ta isa ta fara cinye ta. Abin da ke riƙe ganuwar ƙasa a tsaye shi ne fitowar jama'a bayan ruwa ya ɗauke, kowace unguwa da nata yanki, a kwaɓa a yaɓe inda ya zube. Da aka daina fitowa, ganuwoyin ƙasar Hausa suka zama tuddai. Kakanninmu sun san cewa gini ba ya ƙarewa ranar da magini ya sauko.

Shekara mai zuwa, in Allah ya kai mu kaka, matan Madara za su sake tsayawa a masussuka, wata ta saki ƙaiƙayi ta dubi inda ya nufa. Iskar da za ta raba mata tsaba da ƙaiƙayi ita ce dai take wucewa ta saman Azare kowane dare, ba ta tambayi kowa kuɗi ba. Fatana shi ne 'yar da aka ce wa "juyo nan" ta girma ta tarar da turken awo a bayan garinsu, ta koyi karanta alƙalumansa kamar yadda uwarta ke karanta ƙaiƙayi, kuma idan ranar kafa inji ta zo, ita ce za ta dubi sama ta ce a ɗaga, ko a dakata.